Jif ko Ƙaramar Mota: Abin da Direba Ke Ji a Bayan Sitiyari

Wanda ya saba tuƙa ƙaramar mota, ranar da ya fara zama a kujerar jif abu guda ne ke fara burge shi: hanya ta buɗe masa. Yana hango mota ta uku da ta huɗu a gabansa, yana ganin rami tun da sauran tazara, manyan motoci ma sun daina yi masa rumfa. Wannan daɗin na gaske ne, kuma shi ke sa mutane da yawa su yanke shawara tun ba su tayar da inji ba. Sai dai tsayin da ya ba ka wannan hangen akwai abin da ya karɓe maka a madadinsa, kuma ba a gane shi a inda mota take tsaye. Sai ranar da ka murɗa sitiyari babu shiri.

Ni tawa ranar ta same ni ne a cikin wata jif ta aro. Ina tafe a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, gudun bai wuce kilomita 90 a awa ba, sai wani guntun katako ya zamo daga bayan babbar motar da nake bi. Na kauce hagu, mota ta bi ni lafiya lau. Da na dawo da sitiyari don in koma hannuna, nan na ji abin da ban taɓa ji a ƙaramar mota ba. Tayoyi sun riga sun juya, amma gangar jikin motar tana can baya, ba ta ma gama kwantawa a ɓangaren farko ba. Da ta taso kuwa sai ta taho gaba ɗaya, kamar ruwa a bokitin da aka girgiza. Kafaɗata ta bugi ƙofa, wata fitila mai ruwan ɗorawa ta shiga ƙiftawa a gabana, na ji birki na kama ƙafa ɗaya yana saki alhali ban taka shi ba. Cikin daƙiƙa biyu komai ya lafa. Tun daga ranar, duk wanda ya nemi shawarata kan mota, tsayinta nake fara tambaya kafin girman injinta.

Kowace mota tana da wani gurbi da za a ce nan nauyinta ya tattaru, wato cibiyar nauyi. Ɗauki bulo ka kwantar da shi, ka tura shi ta gefe, zamewa zai yi. Tsayar da shi a kan siririn gefensa ka yi masa turi iri ɗaya, faɗuwa zai yi. Bulon bai canza ba, zamansa ne ya canza. Hukumar kiyaye haɗurra a hanyoyin Amurka, NHTSA, tun 2001 take auna wannan da wani lissafi mai sauƙi: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa. Ƙananan motoci galibi suna faɗawa tsakanin 1.3 da 1.5, su jif da a-kori-kura tsakanin 1.0 da 1.3. A matsayin misali, motar da faɗin ƙafafunta santimita 155 ne, cibiyarta na kan santimita 55, za ta ba da 1.41. Wadda faɗinta 160 ne amma cibiyarta ta hau 68, za ta ba da 1.18. A takarda bambancin kamar ba shi da yawa, amma a kwana shi ne tazarar da ke tsakanin motar da za ta zame da wadda za ta ɗaga ƙafa. Kuma ka sani cewa duk kayan da ka ɗora a kan rufi, da duk fasinjan da ya zauna a kujera mai tsayi, ƙara ɗaga cibiyar nan suke yi. Jif mai cike da mutane da kaya a sama ba ita ce wadda ka gwada kai kaɗai ba.

Wannan matsala ba ta jif kaɗai ba ce, ta duk wata mota ce mai tsayi da ƙarancin faɗi. A 1997 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Teknikens Värld ta gwada sabuwar Mercedes A-Class da irin kaucewar da na ba da labari, hagu sannan dama, kamar dabba ta faɗo hanya. Motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ƙafafunta, ya kuma saka mata na'urar ESP, wadda shi da kamfanin Bosch suka fara fitarwa a 1995 a kan manyan motocinsu na alfarma. Ita ce ta kama mini ƙafa ɗaya ranar katako. Aikinta shi ne ta riƙa kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda mota take tafiya a zahiri, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Da ta ga sun saɓa, sai ta taka birki a taya ɗaya tak, ta rage ƙarfin inji, ta dawo da hancin mota kan layi. Babu direban da zai iya wannan komai ƙwarewarsa, domin feda ɗaya gare shi kuma ƙafafu huɗu take kamawa tare. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014.

Ra'ayina a nan ba shi da lanƙwasa: tsohuwar jif marar ESP ba motar da zan ba ɗan'uwana shawarar saye ba ce, komai kyan fentinta. Toyota na kiran na'urar VSC, Honda na ce mata VSA, BMW kuma DSC. Hanyar dubawa ita ce ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka nemi hoton 'yar mota mai karkatattun layuka biyu a ƙarƙashinta, ko waɗancan haruffan. Ya kamata fitilar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Duk da haka na'urar tana da iyaka. Mafi yawan kifewar mota na faruwa ne idan ta zame ta gefe, taya ta tokari dakalin titi ko ta nutse a ƙasa mai laushi a bakin hanya. A wannan lokacin babu kwamfutar da za ta taimaka, lissafin bulo ne kawai ke aiki.

Kafin a ci gaba, sunan jif ɗin nan yana rufe motoci iri biyu da ba su yi kama da juna a hannu ba. Akwai masu shasi daban, inda aka ɗora bodi a kan ƙarafa biyu dogaye masu kama da tsani, irin su Land Cruiser da Prado da Fortuner. Akwai kuma waɗanda bodinsu shi ne ƙashin bayansu, kamar dai ƙaramar mota aka ɗaga sama: RAV4 da ta fito a 1994, CR-V da aka gina a kan tushen Civic a 1995, da Highlander da ta samo asali daga Camry. Ta farko tana jure murɗiya da duka da jan kaya, amma direba yana biya. Sitiyarinta na da ɗan jinkirin amsawa, kuma da yake ƙafafun baya suna haɗe a kan aksul guda, idan ta dama ta faɗa rami ta hagu ma sai ta ji, sai ka ji bayan mota ya ɗan yi tsalle gefe a kan gargada. Ta biyu kuwa kusan duk halayen ƙaramar mota gare ta, illa dai ta fi ta rangaji a kwana. Wanda ya tuƙa RAV4 ya ce ya san yadda Prado take, bai san ta ba tukuna.

Inda jif ta yi wa ƙaramar mota fintinkau shi ne tazarar cikinta da ƙasa. Corolla na da wajen santimita 13, Camry 14 zuwa 15, RAV4 wajen 20, Land Cruiser kuma 22 zuwa 23, gwargwadon samfuri. Santimita bakwai ko goma ɗin nan su ne ke raba wanda ya wuce kan dutse shiru da wanda ya ji ƙarar da kowane direba ya tsana, ta kwanon baƙin mai ko salansa na gurzar ƙasa. Ba tsayin ciki kaɗai ake dubawa ba. Tsawon hancin mota daga tayar gaba zuwa bamba shi ke nuna ko za ta hau tudu mai miƙewa ba tare da ta yi goshi da shi ba, kuma mota mai doguwar tazara tsakanin tayar gaba da ta baya tana iya ɗarewa a kan tudun da gajeriya ta tsallake. A tuna kuma alƙaluman nan na motar da babu kowa a ciki ne. Mutum biyar da kaya a but suna iya cinye santimita biyu ko uku, kuma a ƙaramar mota wannan ba kaɗan ba ne. Wanda hanyarsa ta kullum ke da kwazazzabai, ko zaizayar ruwa, ko tudu a tsakiya da sawun taya biyu masu zurfi, maganar ta ƙare masa a nan, jif ce tasa.

Batun jan ƙafa huɗu kuwa an fi yi masa mummunar fahimta. Da yawan waɗannan jif masu bodi ɗaya ƙafafun gaba kaɗai suke ja, daidai da Corolla, don haka a duba kafin a saya: leƙa ƙasa ka ga ko akwai farfela da ta tafi baya. Wadda ma take jan huɗun, amfaninta a tashi ne da hawa, cikin laka ko yashi ko santsi. Ba ta rage tazarar tsayawa ko da taku ɗaya, domin kowace mota da ƙafa huɗu take birki. Haɗarin ma shi ne ta ba ka ƙwarin gwiwa a kan hanya mai santsi, ka ƙara wuta, sai ka zo tsayawa ka tarar da ku duka ɗaya ne. Masu irin na Hilux da ake sa wa giyar ƙafa huɗu da hannu, ba a barin ta a ciki a kan busasshiyar kwalta, saboda gaba da baya a ɗaure suke, a kwana sai su riƙa turjiya har wani ƙarfe ya gaji.

Mu koma kan ganin hanya, domin a nan ne na fi son mai saye ya tsaya ya yi tunani. Tsayi yana ba ka nesa, yana ƙwace maka kusa. Daga kujerar babbar jif akwai wani fili a gaban bonet, da wani a bayan but, da gefen ƙofar fasinja, da idonka ba ya kaiwa ko kaɗan, kuma tsayin abin da ke ɓuya a wurin daidai yake da tsayin yaro mai tatata. Na taɓa gwada wannan da bokiti. Na kife shi a gaban bamba, na shiga na zauna yadda nake zama in zan yi tuƙi, wani yana ja da shi baya har na fara hango samansa. A ƙaramar mota ya bayyana tun yana kusa. A babbar jif sai da aka yi ta ja da shi, har mai jan ya ɗago ya dube ni yana tambaya ko da gaske ban gan shi ba. Duk mai yara a gida ya yi wannan gwajin kafin ya karɓi makulli. Amurka ta wajabta kyamarar ribas a sababbin motoci daga Mayun 2018 saboda irin wannan makanta ta baya, amma ta gaba tana nan. A 2023 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da bincike cewa motocin da tsayin bonet ɗinsu ya haura inci 40, wato kimanin mita guda, sun fi masu inci 30 zuwa ƙasa da gangaren hanci yiwuwar kashe mai tafiya a ƙafa da kusan kashi 45 cikin 100. Dalilin a fili yake: gajeren hanci ƙafafu yake ɗauka mutum ya faɗo kan bonet, dogo kuwa ƙirji da ƙugu yake duka.

Akwai wata makanta da ta shafi duka biyun, ita ce ta ginshiƙan da ke riƙe gilashin gaba. Sun yi kauri a motocin zamani, saboda jakar iska da ke cikinsu da kuma ƙarfin rufi. A 2009 Amurka ta ɗaga ƙa'idar nauyin da rufin motocin fasinja zai jure daga ninki ɗaya da rabi na nauyin motar zuwa ninki uku. Alheri ne ga wanda motarsa ta kife, amma a shataletale ginshiƙin nan yana iya ɓoye mai babur ɗungurungum. Zauna ka duba kaurinsa, musamman inda ya haɗu da madubin gefe. Wani abu kuma da na lura da shi a kaina: idan kana sama, gudu yana raina kansa a idonka. Kilomita 120 a jif sai ka ji kamar 100 a ƙaramar mota, don kwalta ta yi nisa da kai. Allurar gudu ce abin yarda.

Nauyi kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Corolla tana tsakanin tan 1.3 da 1.4, RAV4 wajen 1.6 zuwa 1.7, Land Cruiser kuma tan biyu da rabi ko kusa da haka. In aka yi gaba da gaba tsakanin mota mai tan biyu da mai tan ɗaya, fizgar da mutanen ƙaramar za su sha ninki biyu ce ta mutanen babbar. Wannan gaskiya ce da ba zan ɓoye ba, kuma ita ce babbar hujjar masu cewa jif ta fi tsaro. Amma tsaro kashi biyu ne, akwai tsira daga karo, akwai kuma kauce masa tun farko, a na biyun ƙaramar mota ce gaba. A gudun kilomita 100 kana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafarka ta isa birki. A tsayawa guda a kan busasshiyar hanya, jif mai taya mai kyau ba ta cika nisa da ƙaramar mota ba, sai dai za ka ji hancinta ya dunƙule ƙasa, bayanta ya yi sakayau. Inda nauyi ke nuna halinsa shi ne doguwar gangara. Duk ƙarfin tafiyar mota zafi yake komawa a cikin birki, mota mai ninki biyu na nauyi zafi ninki biyu take zubawa. Wanda ya sauko dutse da babbar jif yana dogara da feda kaɗai, zai fara jin ƙauri, sannan feda ta yi laushi. Ƙaramar giya ce maganinsa, ko da motar mai canza giya da kanta ce.

Taya tana iya rushe duk wannan lissafin ko ta gyara shi. Lambar da ke jikinta tana gaya maka tsayin gefenta: 225/65 R17, irin ta jif matsakaiciya, gefenta kashi 65 cikin 100 ne na milimita 225, wato 146. Ta ƙaramar mota mai 205/55 R16 tana da 113. Mai 225/40 R18, irin ta masu manyan rim, 90 kacal. Dogon gefe yana shanye rami yana kare rim, amma yana lanƙwasa a kwana, shi ya sa sitiyari ke amsawa a makare. Gajere yana ba ka amsa nan take, rami ɗaya mai kaifi kuma ya ishe shi ya yi ƙululu. Saboda haka jif mai ƙaton rim da siririyar taya ta zubar da rabin amfaninta, ƙaramar mota mai matsakaicin rim kuma ta fi yadda ake zato jure hanya. Tayoyin daji masu manyan haƙora suna da kyau a laka, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta kuwa riƙonsu bai kai na tayar titi ba. Fashewar taya ta baya ma ta fi muni a mota mai tsayi. Abin da ya faru da jif ɗin Ford Explorer ke nan, har kamfanin taya na Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a shekarar 2000 bayan jerin kifewa da aka danganta da ɓarewar fuskar taya.

Sauran bambance-bambancen jiki ne ke faɗa maka su. Kujerar jif matsakaiciya kusan daidai take da ƙugun mutum a tsaye, zamewa kawai za ka yi ka zauna, abin da ke da matuƙar amfani ga mai ciwon gwiwa ko baya, da mai ɗaura jariri a kujerarsa kullum. Ƙaramar mota sai ka durƙusa, babbar jif sai ka taka ka hau. A doguwar tafiya a kan kwalta kuwa ƙaramar mota ta fi barin direba da sauran ƙarfi: iskar gefe ba ta tura ta sosai, ba ka yawan gyara sitiyari idan tirela ta gifta, kanka ba ya kaɗawa hagu da dama. Mai ma ta fi tattali, domin turjiyar iska tana ƙaruwa da faɗin fuskar mota, kuma in ka ninka gudu sai ta ninka sau huɗu.

Taura biyu ba ta taunuwa. In tafiyarka kusan duk a kan kwalta ce, da gudu, da cunkoso, da neman wurin fakin, ƙaramar mota mai matsakaicin rim ce zaɓina gare ka, kuma ban ga abin da jif za ta ƙara maka da ya kai abin da za ta rage ba. In hanyarka gauraye ce, ko jikinka ba ya son durƙuso, ɗauki mai bodi ɗaya irin su RAV4 da CR-V, da sharaɗin tana da ESP mai aiki da taya mai dogon gefe. Mai shasi kuwa ta wanda ke barin kwalta da gaske ce, ko mai jan tirela, wanda kuma ya yarda zai rage gudu a kwana duk tsawon zamansa da ita.

Ranar gwaji ka tuƙa su biyun a hanya ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, rediyo a kashe. Nemi fili marar kowa, a gudun da bai wuce kilomita 40 ba ka karkata sitiyari hagu ka dawo dama a hankali, ka saurari tsawon lokacin da bodi ke ɗauka kafin ya biyo taya. Taka birki da ƙarfi sau ɗaya ka ga yadda hanci ke nutsewa da ko tana ja gefe. Haye tudun rage gudu ka ƙirga: mota mai lafiya sau ɗaya take sauka ta zauna. Wadda ta yi lilo sau biyu ko uku shokobanta sun gaji, kuma a mota mai tsayi gajiyayyen shokoba yana ƙara wa rangajin nan ƙarfi, don haka a kai ta wurin bakanike a duba kafin a shiga maganar saye.